Ceto Bayanai Daga Haɗakar Faifai Bayan Kuskuren Saiti: Nazari Domin Ƙananan Ofisoshin Gundumar Dakoro

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin ceto bayanai daga haɗakar faifan kwamfuta, wato RAID, irin wadda manhajar Linux ke gudanarwa, bayan an yi kuskure wajen saita ta ko wajen gyara ta. Matsayin maƙalar shi ne cewa mafi yawan asarar da ba ta gyaruwa tana faruwa ne a sa'o'in farko bayan matsala ta bayyana, lokacin da mai gyara ya yi rubutu a kan faifan da ya kamata a bar su yadda suke. An bayyana abin da ke faruwa a cikin faifan idan aka ba da umarnin da bai dace ba, da matakan ceto bi da bi, sannan aka auna ko wannan tsari ya dace da ofisoshi irin na Dakoro.

1. Gabatarwa

Gundumar Dakoro tana arewacin jihar Maradi, inda gonakin gero suke haɗuwa da ƙasar kiwo. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar, kuma kwarin Tarka ne ake kallo a matsayin wannan iyaka a yankin. Wanda ya san Dakoro, Kornaka, Sabon Machi ko Birnin Lalle ya san cewa rigimar gona, burtali da rijiya ba ta da wasa. Ƙarƙashin dokar tsarin karkara ta 1993 aka kafa hukumomin kula da filaye a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye, su ne ke ba da takardun shaidar gado, saye, kyauta, aro da jingina. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ma'aikatun magadan gari suka ɗauki nauyin ayyuka da yawa, ciki har da rajistar haihuwa, aure da rasuwa. A fannin lafiya kuwa ƙasar na tattara alƙaluma ta manhajar DHIS2.

Duk ofishin da ya fara zuba irin waɗannan takardu a kwamfuta, ba da daɗewa ba zai ji wani ya ba shi shawarar sayen saba mai faifai da yawa, ko ƙaramin akwatin ajiya irin na Synology ko QNAP. Waɗannan akwatuna a cikinsu Linux ne ke aiki, kuma manhajar mdadm ce ke ɗaure faifan. Ke nan abin da zan faɗa ya shafi ofisoshin da ma'aikatansu ba su taɓa jin sunan mdadm ba.

Dalilin da ya sa na zaɓi Dakoro shi ne nisa. Daga can zuwa Maradi tafiyar fiye da kilomita 100 ce, daga Maradi zuwa Yamai kuma fiye da 600. Ranar da saba ta ƙi tashi, wanda zai fara taɓa ta shi ne ma'aikacin da ya fi kowa sanin kwamfuta a ofishin, ko wani matashi mai gyaran waya da kwamfuta a gari, yana bin abin da ya karanta a intanet. Makomar bayanan tana hannun wannan mutum, kuma shi nake so maƙalar ta isa gare shi.

2. Yadda haɗakar take aiki

David Patterson, Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fito da sunan RAID a wata takarda ta 1988. Manufarsu ita ce a haɗa ƙananan faifai masu araha su yi aikin babba ɗaya, tare da tanadin da zai sa mutuwar ɗaya kada ta tsayar da aiki. A RAID 1 faifai biyu ne ke ɗauke da abu iri ɗaya. A RAID 5 ana yanka bayanai gutsure-gutsure a rarraba wa faifan, a kowane layi kuma a ware gutsure ɗaya na lissafin cike gurbi. RAID 6 yana da irin wannan lissafi guda biyu, don haka yana jure rashin faifai biyu. RAID 0 ba shi da tanadi ko kaɗan.

Lissafin cike gurbin mai sauƙi ne. Kwamfuta tana duba sifili da ɗaya da ke wuri guda a kowane faifai. Idan faifai uku suna ɗauke da 1, 0, 1, sai ta rubuta 0 a na huɗu domin jimillar ta zama cika. Idan 1, 0, 0 ne sai ta rubuta 1. Duk wanda ya ɓace daga cikin huɗun, sauran ukun sun isa a gano shi.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai ceto shi ne tsarin rabon. A ɗauka an kwance ɗinkin rajistar haihuwa, an raba shafukanta ga magatakarda huɗu bi da bi, ba tare da lambar shafi ba. Ko da babu shafin da ya ɓata, rajistar ba za ta karantu ba sai an san wa ya karɓi na farko, wa ke bi masa, kuma shafi nawa ake ba kowa a zagaye ɗaya. A haɗakar faifai abubuwa biyar ne ke riƙe da wannan sirri: matakin RAID, jerin faifan, girman gutsure, salon zagayawar lissafin cike gurbi, da wurin da bayanai suka fara a kan kowane faifai. Manhajar mdadm, wadda Neil Brown ya fara rubutawa a 2001, tana ajiye waɗannan a wani ɗan tambari a jikin kowane faifai. Tambarin yana da sigogi. Siga ta 0.90 da ta 1.0 suna zama a ƙarshen faifai, ta 1.1 a farkonsa, ta 1.2 kuma kilobait 4 daga farko. Tsofaffin fitowar mdadm suna yanka gutsure kilobait 64 idan ba a faɗa musu komai ba, sababbi kuma 512. Wurin fara bayanai ma ya sha canzawa daga fitowa zuwa fitowa. Saboda haka umarni ɗaya, harafi da harafi, zai iya gina haɗaka iri biyu dabam a kan saba ta da da ta yanzu.

3. Kurakuran da ke kai ga rushewa

Akwai kuskuren da ake yi ranar kafawa, wanda ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Na farko shi ne sa faifan kwamfutar tebur a cikin haɗaka. Irin wannan faifai idan ya ci karo da wurin da ya ƙi karantuwa, yakan daɗe yana sake gwadawa, har ya wuce daƙiƙa 30 da Linux ke jira. Sai Linux ya ɗauka faifan ya mutu, ya fitar da shi, alhali lafiyarsa ƙalau ban da wuri ɗaya. Faifan da aka yi domin haɗaka yana haƙura bayan kamar daƙiƙa 7, ya bar haɗakar ta cike gurbin ta sake rubuta wurin. Ana iya duba wannan da umarnin smartctl -l scterc, kuma idan faifan bai yarda da saitin ba, a ƙara lokacin jiran Linux zuwa daƙiƙa 180. Na biyu shi ne rashin saita gargaɗi. Haɗakar RAID 5 da ta rasa faifai ɗaya tana ci gaba da aiki shiru, wata da watanni, kuma ofis ba ya sanin komai sai ranar da na biyu ya faɗi. Na uku shi ne sayen faifai masu rubutun da ke hawa kan juna, wato SMR, waɗanda a 2020 aka gano kamfanin Western Digital ya sa a wasu faifansa na WD Red ba tare da bayyanawa ba. Suna jinkiri ƙwarai lokacin sake gina haɗaka.

Wuta ma tana da nata rabon. Jihar Maradi tana samun lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, kuma kowa ya tuna watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, gutsuren bayani zai iya sauka a faifai, lissafinsa bai sauka ba. Ondiler mai mataccen batir ba ta hana wannan. Sai zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Binciken da Pinheiro, Weber da Barroso na Google suka gabatar a 2007, kan faifai sama da 100,000, bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin matsakaicin zafi da mutuwar faifai ba, amma faifansu a ɗakuna masu sanyaya suke. Ban ga hujjar ɗaukar wannan sakamako a shafa wa ofis mai rufin kwano a Dakoro ba.

Duk waɗannan suna kai haɗaka ga tsayawa ne kawai. Bayanan suna nan. Abin da ke biyo baya shi ne inda nake so mu daɗe.

Mu ƙaddara saba mai faifai huɗu a RAID 5. Faifai na uku ya fita tun watanni shida da suka wuce ba wanda ya lura. Yau wuta ta ɗauke, da ta dawo na biyu ma ya fita, haɗaka ta ƙi tashi. Mai gyara ya gwada tayar da ita ya kasa, sai ya ga an rubuta a wani wuri cewa mdadm --create yana dawo da haɗaka. Ya buga umarnin da sunayen sda, sdb, sdc, sdd. Abu uku ne suka faru nan take. An goge tsofaffin tamburan, waɗanda su kaɗai suka san jerin faifan da wanda ya tsufa. Sunayen da ya yi amfani da su ba tabbas suna nufin faifan da suke nufi jiya, domin Linux yana raba su ne bisa wanda ya fara gani. Sannan mdadm, idan yana gina RAID 5, yana ɗaukar faifan ƙarshe a jerin a matsayin sabo, ya fara cika shi da lissafin sauran ukun. Tun da ɗaya daga cikin ukun yana ɗauke da bayanan watanni shida da suka wuce, abin da ake zubawa a kan lafiyayyen faifai na huɗu shara ce, kuma kowane minti da ya wuce wani sashe ya tafi.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ya kwantar da hankalin wanda ya riga ya yi wannan kuskure. Idan dukan faifan RAID 5 suna daidai da juna lokacin da aka buga umarnin, lissafin sauran ukun zai fito daidai da abin da ke kan na huɗun tun asali, ko da an juya jerin, ko da an canza girman gutsure. Sake ginin bai ɓata komai ba sai ɗan wurin da sabon tambari ya hau. A RAID 6 ba haka abin yake ba, domin lissafi na biyu ya dogara da matsayin kowane faifai a jeri. Saboda haka mutane da yawa da suke ganin sun hallaka komai, a gaskiya bayanansu suna nan, har sai sun ɗauki mataki na gaba: ganin haɗakar ta tashi amma fayil bai bayyana ba, sai su sa fsck, shirin gyaran tsarin fayil, ya gyara yana amsa e ga kowace tambaya, ko su yi sabon fomat, ko su ciro faifan su sa a kwamfutar Windows su yarda da tayin da ta yi na shirya shi. A ganina fsck a kan haɗakar da jerinta bai daidaita ba ya fi kowane mataki ɓarna, domin yana ganin kowane abu a matsayin kuskure, yana kuma rubuta gyaransa a ko'ina cikin faifan.

4. Matakan ceto

Matakin farko shi ne dakatar da duk wani rubutu. A tsayar da haɗakar, a kashe saba. A ɗauki alƙalami a rubuta lambar jikin kowane faifai da ramin da yake ciki, a manna takarda a jikinsa. A zauna da wanda ya taɓa na'urar a tambaye shi duk umarnin da ya buga, bi da bi, ba tare da faɗa ba. Wanda ya ji tsoron kora zai ɓoye ainihin abin da ake buƙatar sani. Tarihin umarni, fayil ɗin mdadm.conf da tsofaffin rahotannin tsarin sukan ƙunshi jerin faifan na asali.

Daga nan a tayar da kwamfutar da Linux na kan kile, a tabbata bai tayar da haɗakar da kansa ba, a duba lafiyar kowane faifai da smartctl. Lambobi 5, 197 da 198 su ne ke nuna wuraren da aka sauya da waɗanda suka ƙi karantuwa. Binciken Google ɗin nan ya nuna cewa faifan da ya nuna kuskuren bincike na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39, ya kuma nuna cewa faifai da dama sun mutu ba tare da wata alama ba. Faifan da ke ƙara ko ƙwanƙwasawa a kashe shi; aikinsa na ɗaki marar ƙura ne da kayan da babu su a shagon gyara.

Sai kwafi. Manhajar GNU ddrescue ta Antonio Diaz Diaz tana kwashe faifai gaba ɗaya zuwa wani, tana fara da wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, tana ajiye taswirar inda ta tsaya. Wannan taswira ta dace da mu ƙwarai: idan wuta ta ɗauke ko man janareta ya ƙare, aikin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Na san sayen faifai huɗu domin kwafi nauyi ne ga ƙaramar hukuma. Idan kuɗi bai kai ba, a kwafe marasa lafiyar, sauran kuma a sa musu mayafi da device-mapper: wani fayil ne da ake shimfiɗawa a kan faifan, duk rubutu ya sauka a kansa, faifan na ƙasa ana karanta shi kawai. Gwaji ya ɓaci, a jefar da mayafin a shimfiɗa sabo. Daga wannan mataki zuwa ƙarshe, babu umarnin da ya halatta a kan faifan asali.

Idan tamburan suna nan, mdadm --examine zai nuna matsayin kowane faifai, lokacin da aka yi masa rubutu na ƙarshe, da ƙidayar abubuwan da ya shaida. Wanda ƙidayarsa ta yi nisa a baya shi ne tsohon da ya fita tuntuni, a ware shi. Waɗanda ƙidayarsu ke kusa da juna a haɗa su da --assemble --force. A misalinmu na sama, da mai gyara ya yi haka da faifai na ɗaya, na biyu da na huɗu, da aikin ya ƙare cikin ƴan mintoci.

Idan an riga an goge tamburan, sai a koma bincike. Tsarin fayil na ext4 yana da babban tambarinsa a bait 1024 daga farkonsa, da alamar EF53. Idan LVM, shirin da ke raba wurin ajiya, aka ɗora a kan haɗakar, kalmar LABELONE tana sashe na biyu. Inda aka sami ɗayan waɗannan, an sami faifan farko da wurin da bayanai suka fara. Ragowar gwaji ne: faifai huɗu suna da jeri 24, biyar suna da 120, a ninka da girman gutsure da salon zagayawa, wanda a mdadm yawanci left-symmetric ne. Ƙaramin shiri zai iya zagaye su duka a kan mayafi, yana amfani da --create tare da --assume-clean domin hana sake gini, da kalmar missing a gurbin faifan da ake zargi.

A nan akwai tarkon da ya kama ƙwararru da yawa. Haɗakar da jerinta bai daidaita ba tana iya buɗewa, har ta nuna sunayen fayil, domin farkon tsarin yana cikin gutsuren farko. Hujjar da za a yarda da ita ita ce babban fayil, wanda ya ratsa dukan faifan sau da yawa: bidiyo, matsattsen kundi, ko dogon PDF na takardun da aka ɗauka hoto. Idan ya buɗe daga farko har ƙarshe, kuma fsck -n, wanda ke dubawa ba ya rubutu, bai kawo tulin ƙorafi ba, an dace. Sai a buɗe haɗakar don karatu kawai, a kwashe mafi muhimmanci tukuna zuwa wani faifai dabam. Idan babban tambarin ext4 ya lalace, akwai kwafinsa, galibi a bulo na 32768. Idan an yi fomat, manhajojin TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier su ne zaɓin ƙarshe; PhotoRec yana tsamo fayil amma ba suna, ba jaka, kuma dubban hotunan takardun gona marasa suna aikin watanni ne ga magatakarda.

Wata magana da ba ta fasaha ba. Faifan da aka ɗauka zuwa Maradi, Yamai ko Kano yana ɗauke da sunayen mutane, iyayensu, gonakinsu, wani lokaci cututtukansu. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutum, wadda ta kafa hukumar HAPDP domin sa ido. Ya kamata wakilin ofis ya raka faifan, a rubuta abin da aka miƙa, a kuma goge kwafin da ya rage a hannun mai gyara.

5. Shin RAID 5 ya dace da Dakoro?

Amsata ita ce a'a, ga yawancin ƙananan ofisoshi. Masu ƙera faifan tebur sukan rubuta cewa ana iya samun wuri ɗaya da ya ƙi karantuwa a cikin kowane bit 10^14, wato kusan terabait 12.5. Haɗakar faifai huɗu masu terabait 4 da ta rasa ɗaya dole ta karanta terabait 12 cif kafin ta warke. A aikace faifai sukan fi wannan adadi kyau, amma sake ginin yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, a kan faifan da aka saya rana ɗaya suka tsufa tare, a garin da wuta ba ta da tabbas, kuma sabon faifan sai an aiko da shi daga nesa. Bianca Schroeder da Garth Gibson sun nuna a 2007 cewa yawan faifan da ake sauyawa a shekara yakan kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, sama da abin da takardun masu ƙerawa ke nunawa.

Takardun ofishin ƙaramar hukuma ba su da girman da faifai ɗaya na zamani zai kasa ɗauka. Faifai biyu a RAID 1 sun isa, kuma suna da falalar da ta fi kowace a wurinmu: kowane ɗaya cikakke ne, ana iya karanta shi shi kaɗai ba tare da neman jeri ko gutsure ba.

Ko RAID 1 ɗin ma ba ya maye gurbin kwafin ajiya, domin abin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a faifan biyu lokaci guda. Manyan wurare sun ɗanɗana wannan. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanan kamfanin, aka tarar hanyoyin kwafin da suka dogara da su ba sa aiki yadda ake zato, suka yi asarar bayanan kusan sa'o'i shida. A Disamban 2021 Jami'ar Kyoto a Japan ta rasa kusan terabait 77 saboda kuskure a shirin da ke kula da ajiyar kanta. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. A Dakoro hakan na iya zama faifan waje guda biyu da ake musanyawa duk mako, ɗaya a kulle a wani ofishin, kuma duk wata uku a ciro wasu fayil daga kwafin a buɗe su a gaban shugaban ofis. Gargaɗin mdadm a saita shi ya isa wayar wani mutum da aka ambata da suna, a kuma bar binciken wata-wata da ke karanta dukan faifan ya riƙa gudana.

Ranar da ɗan kwangila ya kafa saba, kafin a sa hannu a takardar karɓar aiki, a buƙaci ya buga sakamakon mdadm --detail, da na --examine na kowane faifai, da lambobin jikinsu da ramukansu, da fitowar mdadm da ya yi amfani da ita. Shafi biyu ne ko uku. Kwafi ɗaya a manna cikin murfin saba, ɗaya a jakar sakataren ofis, kuma a sake bugawa duk lokacin da aka sauya faifai. Ina roƙon sassan koyar da kwamfuta, musamman a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da cibiyoyin koyon sana'a na jihar, su sa ɗalibai su gina haɗaka a kan fayilolin gwaji, su rushe ta da gangan, su ceto ta ta hanyar mayafi, tun kafin a kira su Kornaka ko Dakoro a ɗora musu faifan da rajistar gari ke ciki.